Ɗinki na Huɗu a Cikin Kawu

Babana ba tela ba ne, amma har ya koma ga Allah Tela ake ce masa. Telan Kifi. Wanda bai sani ba sai ya zo ƙofar gida da yadi a hammata yana sallama, Baba ya fito da wando naɗe zuwa gwiwa, hannu duk ƙarni, ya ce, "Ai ka makara, telar gidan ta riga mu gidan gaskiya. Ni tarwaɗa kaɗai nake ɗinkewa." Mutumin ya tafi yana dariya a zaton tsohon wasa yake yi. Gaskiya ya faɗa masa.

Shekara ashirin da shida ya yi a ma'aikatar ruwa yana kula da injin famfo. Da ya ajiye aiki sai ya gina tankunan siminti huɗu a bayan gida, daidai inda Inna take shanya, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Inna ta shekara tana yi masa mitar igiyar shanyarta. Ita ce telar gaske. Keken ɗinkinta yana baranda, ta nan take hango shi yana zagaya tankunan da hannu a baya kamar mai duba sojoji.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda ake samun 'ya'yan tarwaɗa. Macen ana yi mata allura, washegari a matsa cikinta a hankali, ƙwai ya zubo a kwano, a mayar da ita ruwa lafiya lau. Namijin ne ba ya bayarwa da matsi. Sai an farke cikinsa an ciro wasu fararen jakunkuna biyu, a matse ruwansu a kan ƙwan, a gauraya da gashin kaza. Baba madara yake ce wa ruwan nan, saboda kunyar ainihin sunansa. Namijin kuwa daga nan sai tukunya. Kuma ba kowane namiji ake zaɓa ba, sai wanda ya fi girma da lafiya. Ladan kyau a wannan sana'a wuƙa ce. Bayan 'yan shekaru sai mutum ya waiga ya ga nagarin mazan sun ƙare, ya koma haɗa wa da ƙanwa, 'ya'ya su riƙa fitowa da karkataccen baya, rabi su mutu kafin su kai tsawon yatsa.

Duk ranar da Baba ya yanka namiji, ba ya cin abincin kirki. Zai zauna a bakin baranda yana juya cokali. Rannan Inna ta tsayar da keke ta dube shi.

"Malam, wai dole ne sai ka farke shi duka?"

"To ta ina zan ciro?"

"Ni idan zan cire aljihu a riga, ba na yaga rigar gaba ɗaya. Ka yanka kaɗan, ka ɗebi abin da kake so, ka kawo min nan."

"Kifi ne fa, ba yadi ba."

"Na ga dai fata gare shi."

Na farko ya mutu. Na biyu ya kwana biyu ya bi shi. Inna ta juya gawar a faranti tana duba inda ɗinkin ya saki. Ta gane zaren auduga jiƙewa yake yi ya ja dauɗa, ta koma siririn zaren roba irin wanda take jera duwatsun ado da shi, tana dafa shi a ruwan gishiri. Ta gane ɗinki mai tafiya a jere, idan wuri ɗaya ya kwance duka ya tafi, ta koma ƙulle kowane ɗinki shi kaɗai. Ta gane tarwaɗa da ciki yake goga ƙasan tanki, ƙulli mai tsini kuwa gogewa yake yi ya warware. Sai ta fito da nata ƙullin: zagaye biyu gaba, ɗaya baya, a danne kansa da farce ya kwanta. Na ukun ya rayu. Bayan wata biyar jakar da aka yanka ta sake cikowa, aka sake amfani da shi.

Daga nan aiki ya rabu biyu. Baba ya jiƙa kanumfari ya sa kifin a ruwan har jikinsa ya saki, ya rufe masa kai da jiƙaƙƙen tawul, ya yanka. Inna ta ɗinke. Suna yi suna faɗa. Ita ta ce yankansa ya yi tsawo, shi ya ce ta cika nawa. Unguwa kuwa ta ba shi sunan da ya kamata a ba ta, ita kuma ta ce ya riƙe, ba ta son masu kawo ɗinkin biki su ji tana taɓa kifi.

Ni ce auta, kuma ni ce na fi kowa ƙin abin nan. Ƙarnin yana bin kayan makarantata. Wani hutu Inna ta yanko tsohon tub na tayar keken hawa, wai santsinsa ya yi kama da fatar tarwaɗa, ta zaunar da ni in koyi ƙullin. Na yi sati guda ina yi ina kumbura fuska. Ran na takwas na ajiye allurar na ce ni ba don in zama telar kifi nake karatu ba. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ɗauki guntun robar ta sa a aljihun keke ta rufe. Da ma zagina ta yi, da yanzu na manta.

A cikin mazan da suka ɗinka akwai wani baƙi mai faɗin kai, gashin bakinsa har ya fi na kowa tsawo. Inna ta ce sak ƙaninta, sai muka sa masa Kawu. Sau uku aka yanka shi, sau uku ta ɗinke shi, layi uku a jere a farin cikinsa, ƙanana, daidai da juna. 'Ya'yansa ba a taɓa samun mai karkataccen baya ba. Damina ta gaba bayan ɗinki na uku Inna ta kwanta, kwana tara, ta tafi.

Baba ya ci gaba shi kaɗai. Shekarun da ya yi yana riƙe mata kan kifi, ashe idonsa yana kan yatsunta. Ɗinkinsa ya fi nata kauri, amma yana riƙewa. Kawu ne kawai bai sake taɓawa ba. Ya ware masa tanki na huɗu shi kaɗai, wanda ya fi kusa da baranda. Idan na zo ƙarshen mako daga makarantar da nake aikin buga takardu, sai in tarar da shi ya jawo kujera bakin tankin yana magana ƙasa-ƙasa. Ban taɓa tambayarsa da wa yake ba.

A lokacin nan ne ya fara zuwa taron. Kowace shekara ana yin sa a wani otal a babban birni, tafiyar awa uku a mota: masu bincike daga jami'o'i, masu kiwon kifi, da mutanen gwamnati masu tsara dokoki. Ƙungiyar masu kiwo ta yankinmu tana samun kujeru kaɗan, shugabanta ya ba Baba ɗaya. Ni a raina na ce taron shan shayi ne. Shi kuwa ya dawo kamar an yi masa kyautar mota. A can ya ji cewa ruwan da yake zubarwa daga tanki taki ne, ya haƙa kwata ya shuka alayyafo da tumatir. A can ya ji ana kiwon tsutsar wani ƙuda don ciyar da kifi. Katin da ake rataya wa mutum a wuya, ya kawo shi ya rataye a ƙusa saman keken Inna.

Amma abin da ya kai shi bai samu ya yi ba. Ya ba ni labarin yana dariya. Wai da aka zo lokacin tambayoyi ya ɗaga hannu har kafaɗarsa ta gaji, aka miƙo masa abin magana, ya miƙe ya yi gaisuwa, ya ce, "Ni maganata a kan allura ce." Tafinta, wani dogon mutum mai saurin baki, ya juya wa manyan baƙi cewa tsohon yana tambaya a kan allurar da ake yi wa macen kifi. Shugaban zaman ya ce ai an yi bayanin wannan da safe, ya duba shafi kaza a ɗan littafin da aka raba. Kafin Baba ya ce zare, an karɓe abin maganar an kai wa wani.

"Laifina ne," in ji shi. "Da zaren na fara ambata."

Ni ban ga abin dariya ba. Shekara ta gaba na ɗauki hutu na bi shi.

Na ga taron da idona. Layin gaba manyan gwamnati, waɗanda suna gama jawabin buɗewa rabinsu suka tashi da 'yan rakiyarsu. Tsakiya masu bincike, kowa da kwamfuta a cinya. Can baya kusa da ƙofa masu kiwo, maza da mata, sun sha wanka, amma duk wanda ka duba hannunsa ka san ruwa ya ci shi. Ba zan yi ƙarya ba, an faɗi abubuwa masu amfani, na ga mutanen baya suna rubutawa a bayan takardar shiri. Sai dai maganar hanya ɗaya take bi, daga gaba zuwa baya. Wannan karon cewa aka yi a rubuta tambaya a takarda. Baba ya rubuta tasa da manyan baƙaƙe, ya sa zare kafin allura. Aka karanta guda shida aka ce lokaci ya ƙure.

Raina ya gama ɓaci. Cikin masu jawabi akwai wata Dakta, 'yar ƙaramar mace mai tabarau rataye da igiya, wadda ta yi bayani a kan 'ya'yan kifi masu karkataccen baya da ƙarancin nagarin maza. Da aka fita shan shayi na tare ta a bakin tebur, ko gaisuwar kirki ban yi ba, na tura mata waya a fuska. Hoton cikin Kawu ne.

Ta sa tabarau ta duba. "Ai an san wannan," ta ce. "Yana cikin littattafai. Mu ma mun gwada a ɗakin bincike, amma ɗinkin sakewa yake yi a ruwa, rabi mutuwa suke. Shi ya sa ba ma koya wa mutane."

"Wannan sau uku aka yi masa. Shekararsa bakwai."

Ta ajiye kofin. Ta buɗe hoton da yatsu biyu ta daɗe tana kallo. Sannan ta bi ni har inda Baba yake tsaye a jikin bango da biskit a hannu, ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, wa ya yi ɗinkin nan?"

"Mai shi ba ta nan," ya ce. "Amma na ga yadda take yi."

Ta ce baɗi za ta sa a ba shi minti ashirin, da tebur, ya zo da kifi mai rai ya nuna a gaban kowa. Baba ya yi ta godiya har na ji kunya. A mota yana ta lissafin abin da zai faɗa, ni kuma ina kallon hannunsa na dama a kan gwiwarsa. Rawa yake yi, kaɗan-kaɗan, ko da motar ta tsaya.

A shekarar nan rawar ta ƙaru. Likita ya ba da magani ya ce ragewa zai yi, ba warkewa ba. Shayi ya fara zuba a gaban rigarsa. Kullum da safe sai ya buɗe aljihun keke ya ɗauko guntun robar nan tawa, ya zauna yana ƙulli yana kwancewa, wai kada hannun ya manta. Sau ɗaya ya ce min, "Auta, ko za ki riƙa zama muna yi tare?" Na ce aiki ya yi min yawa, sai an yi hutu. Hutun ya zo ya wuce. Na san abin da yake tsoro, ba sai ya faɗa ba: idan hannun ya tafi kafin ya nuna wa mutane, ƙullin Inna ya bi ta ke nan. Na sani, kuma duk da haka ban zauna ba. Ina ganin tsoron zama nake yi in ga robar nan a hannuna.

Ranar taron muka fita da sassafe da jarka biyu da aka yanke wa sama. Ɗaya da wani matashin namiji wanda za a yi aikin a kansa. Ɗaya da Kawu, don a juya cikinsa mutane su ga shaida, a mayar da shi.

A ƙofar otal mai gadi ya ga tsoho da jarkokin kifi, ya ce masu kawo kaya ta baya suke shiga. Na ce mu baƙin taro ne. Ya ce ko ma su wane ne, kifi ba ya bi ta kan kafet. Muka zagaya. Na bar Baba a benci kusa da ƙofar baya na shiga karɓo mana katin wuya, na tarar da layi. Kafin in dawo ya shiga banɗaki ya fito. Jarka ɗaya ce a wurin.

Na faɗa kicin ɗin ba sallama. Mai dafa abincin yana tsaye da wuƙa, matashin namijin nan a kan katako, gunduwa huɗu. Wai ya zaci mai kawo musu kifi ne ya iso, har yana cewa na yau ya yi kyau. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta ba. Na tara masa jama'a. Mutumin ya cire hula yana ba da haƙuri, Baba ya ja gefen mayafina.

"Bar shi, Auta. A ƙofar kicin ya gan shi. Da ni ne ma haka zan zata."

Aka kira Dakta. Saura awa ɗaya lokacinmu. Ta ce a kasuwa ba za a samu namijin da ya isa ba, na jami'a kuma kafin a kawo shi an tashi. Ta ce kada ya damu, yau ya nuna tabon kawai ya yi bayani da baki, baɗi a yi aikin.

Baba ya ɗago hannunsa na dama ya dube shi. Dukanmu muka dube shi.

"Baɗi ba ni da hannu, Dakta. Ƙulli kuma ba ya koyuwa da baki." Ya sunkuya ya leƙa jarkar da ta rage. "A kawo ruwan ɗumi in jiƙa kanumfari."

"Baba," na ce, "Kawu ne fa."

"Na san shi."

"Ya tsufa. Idan bai tashi ba fa?"

"Idan bai tashi ba, ya tafi wurin aiki." Ya ƙi haɗa ido da ni. "Innarku ba don a ajiye shi a yi ta kallo ta ɗinke shi ba."

An kafa teburin a ƙarƙashin rumfa a gefen ɗakin taron, gab da cin abincin rana. Manyan sun watse, sai wani Darakta guda wanda na ji ana cewa direbansa ne bai dawo ba. Masu bincike kamar goma suka fito. Masu kiwo kuwa kusan duka, suka yi da'ira har ana leƙe ta kafaɗa. Tafintan nan mai saurin baki yana gefe. Baba ya ɗaga allurar sama ya juya gare shi.

"Malam, yau ka gan ta da idonka. Ta ɗinki ce, ba ta likita ba."

Aka kwashe da dariya, har da tafintan. Baba ya ciro Kawu daga ruwan kanumfari, jikinsa ya saki, ya kwantar da shi a jiƙaƙƙen tawul ya juya cikinsa. Dariyar ta tsaya. Layi uku, shekara biyar da tafiyar mai su, suna nan lumui. Wata mata mai kiwo ta ce, "Kai, wannan hannun mace ne." Baba ya ce ta canka.

Yankan bai ba shi wuya ba. Ya dafa gefen hannunsa a kan tebur, ya ja reza tsawon gaɓar yatsa biyu a gefen layi na uku, ya ciro bakin farar jakar, ya yanki rabi ya sa a kwano, ya mayar da sauran. Yana yi yana bayani, muryarsa a tsaye. Har na fara sakin numfashi.

Sai ya ɗauki allura. Zaren na riga na zura masa tun a gida. Ya kai bakinta ga fatar, hannun ya kauce. Ya sake, ta soki tawul. Ya riƙe wuyan hannun da na hagu ya sake kaiwa, allurar ta kuɓuce ta faɗi a tebur, ƙararta kowa ya ji. Kawu yana kwance ciki a buɗe, kanumfari kuwa minti kaɗan yake riƙe kifi. Na ga wutsiyarsa ta motsa.

Dakta ta matso da safar hannu. "Baba, in karɓa?"

"Ke naki ɗinkin kika sani, 'yata. Shi ne mai sakewa."

Ya sake laluben allurar. Bai dube ni ba. Ina tsaye a kafaɗarsa, ya san ina nan, amma bai dube ni ba, don ya riga ya tambaya sau ɗaya na ce aiki ya yi min yawa. Wannan rashin kallon ne ya karya ni. Na ajiye jaka a ƙasa, na tsoma hannu a ruwan gishiri, na ɗauke allurar daga ƙarƙashin yatsunsa.

Baba ya janye hannunsa. Ya koma wurinsa na da, ya dafe kan kifin da tawul.

Fatar ta fi roba santsi, ta kuma fi ta tauri. Na soka, na fito ta ɗaya gefen, na tsaya da bakin zare biyu a hannu, kaina fayau ba komai. Sai yatsuna suka tafi da kansu. Biyu gaba. Ɗaya baya. Farce.

"Kada ki ja," in ji Baba a hankali. "Ba buhu ba ne."

Maganar Inna ce, da kalmominta, yadda take faɗa min a baranda ina kumbura fuska. Idona ya cika har na daina ganin fatar sosai, na goge da kafaɗa na ci gaba. Ya ɗaga murya yana gaya wa mutane abin da nake yi, yana cewa in dakata su ga yadda kan ƙullin yake kwanciya. Wayoyi sun yi mana rumfa. Ƙulli biyar na yi. Layin ya fito a karkace, kusa da nata kamar rubutun ɗan aji ɗaya.

Muka mayar da Kawu ruwa mai kyau. Ya kwanta a gefe guda, bakinsa yana buɗewa yana rufewa.

Tambayoyi suka yi ta zuwa, abinci yana hucewa a ciki ba wanda ya tafi. Wane zare, minti nawa a kanumfari, wata nawa kafin a sake. Daraktan nan ya tambayi maza nawa mutum zai tsira da su a shekara, ya rubuta, ya ce zai so malaman gona su koya. Dakta ta ce za ta gwada a ɗakin bincike ta rubuta, amma me ake ce wa ƙullin?

"Ba ta sa masa suna ba," in ji Baba. "Ki rubuta ƙullin Inna."

A hanyar dawowa jarkar tana tsakanin ƙafafunsa, bai ɗauke ido daga kanta ba. A sana'ar nan an san ƙa'ida: kifin da aka ɗinke, idan ya ci abinci cikin kwana uku ya tashi, idan bai ci ba a haƙura. Na koma aiki. Ran farko na kira, ya ce yana kwance. Ran na biyu ya ce ya miƙe amma ya ƙi ci. Ran na uku na kasa kira. Wajen ƙarfe sha ɗaya ina buga jarabawar 'yan aji uku wayata ta yi ƙara.

"Auta."

"Na'am, Baba."

Na ji ƙarar ruwa, irin ta kifi idan ya kawo baki sama.

"Ya ci." Ya bari na gama abin da nake yi da hancina, sannan ya ce, "Ɗinkinki dai ya karkace, sai kin ƙara zama. Amma ƙullin nata ne."

Na ƙara zama. Duk ƙarshen mako, wata biyar, a baranda, shi yana riƙe kai ni ina ɗinki, yana cewa na cika nawa. Wata biyar kawai na samu, bayan shekarar da na ɓata ina cewa sai an yi hutu. Bai kai taro na gaba ba. Takardar gayyatar ta zo da sunan da kowa ya san shi da shi, ni na je, da jaka cike da guntayen tub na keke, na raba wa mutanen layin baya.

Kawu yana nan a tanki na huɗu. Ba na yanka shi, ya gama nasa. Wani lokaci idan ina canja masa ruwa nakan juya shi in duba. Uku nata, ɗaya nawa. Da farko abin yana cina, mutumin da duniya ta kira Tela ba shi da ɗinki ko ɗaya a jikin kifin da ya fi so. Sai rannan na bi layukan da yatsa na tuna cewa ƙarƙashin kowane ɗinki akwai yanka, kuma duka huɗun shi ya yi su. Na mayar da kifin ruwa, na jawo kujerar nan bakin tanki na zauna. Yanzu na san da wa yake magana.